Kwazazzabon Bayan Maƙabartarmu

A rediyo na fara jin cewa an kammala aikin garinmu. Da safe ne, ina zaune a tsakar gida ina shan koko kafin in wuce makarantar firamaren da nake koyarwa. Wakilin gidan rediyon yana kawo rahoton majalisa, ya ce shugaban wata hukuma ya bayyana a gaban kwamiti, ya yi bayanin yadda ya kashe kuɗin bara, yana kuma neman na bana. Hukumar ita ce aka ɗora wa gyaran wuraren da ruwa ke cinye ƙasa a ƙauyuka. Sai aka saka muryar mutumin da kansa, murya a kwance, ta wanda ya yi barci ya ƙoshi, yana jero garuruwan da suka gama wa aiki. Ina cikin kai ludayi baki na ji sunan garinmu.

Matata ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, kamar garin nan na ji an ambata?"

Na ce, "Shi ne. Wai an gama."

Ta ce, "An gama me?"

Na ajiye ludayin na tashi, don da na buɗe baki a lokacin zagi ne zai fito, ga yara a wurin.

Garinmu yana arewa da Kano, a ƙasar nan da gona ke manne da gona. Ba mu da daji. Kowane taku na ƙasa yana da mai shi, an kuma san kakan da ya bar masa. Idan mutum ya rasa kunya biyu a gonarsa, to ya rasa ke nan, babu inda zai matsa ya maye gurbinsu. A bayan gari ta gabas akwai wata 'yar hanyar ruwa da muke tsallakewa da tsalle ɗaya muna yara. Da aka zo aka yi titi, sai aka tattara ruwan gonakin arewa gaba ɗaya aka bi da shi ta kwalbati guda, bakinta yana kallon wannan 'yar hanya. Cikin 'yan shekaru ta zama kwazazzabo mai zurfin da idan mutum ya shiga a kan jaki ba a hango hularsa. Ya ci gonakin mutane, aka yi ta haƙuri ana cewa ƙaddara. Sannan ya karkato ya nufi maƙabarta.

Innarmu tana kwance a layin ƙarshe, ta gefen da ya nufo. Yayanta, wanda muke kira Kawu, shi ke kula da maƙabartar tun ina yaro. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma a biyansa. Shi ke nuna inda za a haƙa, shi ke sare ciyawa bayan damina, shi ke korar awaki. Tsoho ne siriri mai ƙarancin magana, idan kuma ya yi ta, sai ka koma gida kana juya ta.

Abin da hukumar ta yi mana na gani da idona, don a kan hanyata ta makaranta yake. Da rani suka zo da ma'aikata, suka auna tun daga kwalbatin har suka wuce maƙabarta, suna kafa turaku masu jan fenti. Muka yi murna, har liman ya sa su a addu'a ranar Juma'a. Daga baya ɗan kwangila ya iso da tifa da injin kwaɓa siminti. Ya gina magudana mai kyau daga bakin kwalbatin, ya tsaya daidai inda idon mai wucewa a mota yake ƙarewa. Ya kafa allo, ya shafa fenti, ya kwashe kayansa. Aka ce zai dawo. Bai dawo ba. Abin da ya fi muni shi ne, da can ruwan yana tafe yana cin karo da yashi da saiwoyi, ƙarfinsa yana raguwa. Yanzu kuwa an shimfiɗa masa santsi, sai ya taho a guje ya dira daga ƙarshen simintin da dukan ƙarfinsa. Aikin da suka yi bai tare ruwan ba, ƙara masa gudu ya yi.

Da aka tashi daga makaranta ranar da na ji rediyon, ban biya gida ba, maƙabarta na wuce. Na tarar da Kawu a bakin kwazazzabon yana cusa ƙaya a wata tsaga.

Na gaishe shi, na ce, "Kawu, ka ji rediyo yau?"

Ya ce, "Na ji. Ashe mun warke ba mu sani ba."

Na ce, "Ƙarya fa mutumin nan ya yi a gaban majalisa."

Ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya ce, "To su waɗanda ya yi wa ƙaryar, ba su da ƙafa ne?"

Wannan tambayar na kai wa dagaci da yamma. Ya ce in kira ɗan majalisarmu a waya, tunda firamare ɗaya muka yi da shi, yana gabana da aji. Na yi ta kira kwana da kwanaki kafin ya ɗauka. Da na gama bayani ya yi dariya ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Ai aikinmu ke nan. Ba ma sa wa kowace hukuma hannu a kan kuɗi sai mun fita mun gani da idonmu. Kwamiti zai yi zagaye, zan sa a biyo ta garinku."

Garinku, in ji shi, mutumin da aka haifa a ƙauyen da muke jin kiran sallarsu. Duk da haka na yarda da shi. Na yarda saboda haka na san tsarin yake: gwamnati ta ba hukuma kuɗi, hukuma ta yi aiki, waɗanda muka zaɓa su bi sawu su duba. Na ɗauka ƙaryar ta tsaya ne kawai saboda ba su zo ba tukuna.

Da aka sanar da ranar zuwansu, garin ya tashi tsaye. Aka yi karo-karo aka sayi zabbi. Mata suka kwana biyu suna daka da surfe, aka yi waina da miyar taushe, aka aika rugar Fulani aka kawo nono mai kyau don fura. Dagaci ya ce ni zan yi magana da yawun gari, don na iya Turanci idan ta kama. Ana gobe za su zo, sai ga ma'aikatan hukumar da mota cike da kujerun roba da rumfa. Suka sake shafa wa magudanar fenti. Suka kafa rumfar a gefen titi, suka ɗaure wani ƙaton ƙyalle mai hotunan manya daga wannan bishiya zuwa waccan, daidai ƙarshen simintin. Duk wanda ya zauna a rumfar, magudana zai gani fes, sai fuskokin manya suna murmushi. Kwazazzabon yana bayan ƙyallen. Na tambayi ɗaya daga cikinsu dalilin sa shi a nan, ya ce nan ne iska ba ta kaɗawa.

Tun hantsi muke zaune. Aka jera 'yan makaranta a rana har wasu suka fara jiri, na sa aka mayar da su inuwa. Muka yi azahar, muka dawo. Sai dab da la'asar muka ji jiniya. Motoci suka tsaya a jere, 'yan sanda suka diddiro, manya suka fito suna gyara riguna. Mai riƙe da lasifika ma'aikacin hukumar ne, shi ke kiran wanda zai yi magana. Ya kira shugabansa, mai muryar nan ta rediyo, wanda na gani a ranar karo na farko: gajere, fari, da ƙamshin turare da ya riga shi isowa rumfar. Ya yi jawabi. Aka kira ɗan majalisarmu, ya yi jawabi. Aka ba dagaci dama ya ce sannu da zuwa, kafin ya ƙara kalma an karɓe lasifikar. Sannan shugaban kwamitin, wani ƙato mai baƙin tabarau, ya taka zuwa bakin magudanar, ya ƙwanƙwasa simintin da tsinin takalminsa, ya ce, "Masha Allah. Aiki ya yi kyau." Masu hoto suka yi ta ɗauka.

Na miƙe na nufi mai lasifikar, ya ɗaga min hannu ya ce lokaci ya ƙure, akwai sauran garuruwa. Sai na ji muryata ta fita da kanta, da ƙarfin da nake tsawata wa aji.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba aikin ba ne, bakin aikin ne! Ku zagaya bayan ƙyallen nan ku gani!"

Wani ɗan sanda ya matso kusa da ni. Ɗan majalisarmu yana ta ƙifta min ido yana girgiza kai. Shugaban kwamitin ya juyo, bai ko cire tabarau ba, ya ce, "Malam, a rubuto. Duk mai ƙorafi ya rubuto wa kwamiti, za mu duba."

Na ce, "Ga abin a bayanka, me zan rubuta?"

Ya riga ya juya ya nufi mota. A lokacin ne wani daga cikin 'yan kwamitin, wanda tun zuwansu bai ce uffan ba, ya tashi daga kujerarsa. Dogo ne, ramamme, daga jin harshensa ba mutumin yankinmu ba ne. Ya ce, "Ina ne wurin?"

Kawu ne ya amsa daga cikin taro. Ya ce, "Taho, ɗana."

Muka ɗaga gefen ƙyallen muka wuce, mu uku, wasu mutanen gari suna biye. Ƙarangiya tana kama masa shadda, takalminsa yana nutsewa a yashi, bai tsaya ba. Muka bi gefen kwazazzabon muna wuce turakun nan masu jan fenti ɗaya bayan ɗaya, har muka kai maƙabarta. Akwai inda Kawu ya jingina zana a jikin gaɓar, ya danne da duwatsu. Ya sauka a hankali ya janye ta. A jikin ƙasar ana ganin bakin itatuwan da ake jerawa a kan mamaci sun leƙo waje, da fasassun tukwane, na tsofaffin kaburburan da ba a ma san masu su ba. Mutumin ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya daɗe yana kallo. Daga titi ana ta danna masa ham.

Ya ce, "Nan ma yana cikin aikin?"

Na nuna masa turken da ke gaba da mu, na ce, "Har can suka auna."

Ya ɗauki hotuna da wayarsa, ya karɓi lambata, ya ce, "Hukumar za ta dawo gabanmu kafin mu amince da kasafinta. Zan kira ka. Ku zo da Baba."

Da muka koma titi yawancin motocin sun tafi. Ba su zauna sun ci abincinmu ba, amma ba su bar shi ba. An loda shi a bayan motoci da kulolin da kwanukan, wai za su ci a hanya. Kular matata tana ciki, ta aurenta, ba ta sake ganinta ba.

Dogon ɗan kwamitin nan ya cika alkawari, bayan 'yan makonni ya kira. Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a, muka tari mota a bakin titi zuwa birni, daga tasha muka hau adaidaita. A ƙofar majalisa masu gadi suka tsare mu, suna tambayar wa muka sani. Na ce mun zo sauraron kare kasafin kuɗi ne, an ce kowa yana iya shiga. Ɗaya ya kalli takalman Kawu ya yi murmushi. Sai da na kira mutumin ya turo wani ma'aikacin ofishinsa aka bar mu.

Ɗakin taron sanyi ƙalau kamar randa. Dogon tebur, 'yan kwamiti a gefe guda, shugaban hukumar da akantansa da sauran muƙarrabansa a ɗaya gefen, gabansu tulin takardu masu bango mai sheƙi. Mu aka nuna mana kujerun baya, bayan 'yan jarida. Da Turanci ake yawancin maganar, ina raɗa wa Kawu fassara a kunne. Shugaban hukumar ya yi ta karatu. Na zuba wa 'yan kwamitin ido ina jiran in ga wanda zai buɗe takardun da aka ajiye masa. Wani yana latsa waya. Wani ya fita ya dawo. Da aka zo tambayoyi, na farko ya tambayi dalilin da ya sa ba a saka mazaɓarsa a ayyukan bana ba. Na biyu ya tambayi yaushe hukumar za ta ɗauki ma'aikata, don yana da matasa. Na uku bai yi tambaya ba, yabo ya yi, ya ce shugaban ɗan'uwa ne, mutumin kirki, bai kamata a wahalar da shi ba. Ɗan majalisarmu yana wurin, ya ce yana goyon bayan mai magana na uku.

Kawu ya raɗa min, "Har yanzu gaisuwa ake yi?"

Na ce, "A'a, binciken ke nan."

Sai dogon nan ya ɗaga hannu. Da Hausa ya yi magana, na kuma san don Kawu ya yi haka. Ya ce, "Yallaɓai, a bayanin da ka kawo mana ka ce an gama aikin garin nan, an biya ɗan kwangila. Ni na je da ƙafata. Abin da aka gina bai kai ko'ina ba, ruwa yana tone kaburbura. Ga hotuna, ga kuma mutanen garin a zaune a baya. Wa ya duba aikin ya sa hannu cewa an gama?"

Shugaban hukumar ya sha ruwa. Ya ce rukunin farko ne aka gama, akwai rukuni na biyu.

Dogon ya ce, "Ba a rubuta rukuni a nan ba. An rubuta aikin gaba ɗaya, an kuma fitar da kuɗinsa gaba ɗaya. Ina sauran ya tafi?"

Akantan ya sunkuyar da kai yana jujjuya takarda. 'Yan jarida suka gyara zama, masu kyamara suka matso. Na ce a raina yau dai an zo wurin. Sai shugaban kwamitin ya buga tebur a hankali, ya ce wannan magana ce mai nauyi, kwamiti zai shiga ganawar sirri, 'yan jarida da baƙi su ba su wuri.

Kawu ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Wai baƙi su fita."

Ya ce, "Su wa ke nan?"

Na ce, "Mu."

Ya tashi yana gyara rigarsa, ya ce, ba da ƙarfi ba amma na kusa sun ji, "Ƙasusuwan namu, mu ne kuma baƙin."

Muka zauna a baranda a kan wani benci. Muka je muka yi azahar muka dawo, ƙofar tana rufe. Aka wuce mu da manyan farantai a lulluɓe aka shiga da su. Can sai na fara jin dariya daga ciki, ba ta mutum ɗaya ba, irin dariyar da ake yi idan an gama cin abinci an miƙe ƙafa. Ban taɓa jin sautin da ya ƙona min rai kamar wannan ba. Na tashi na yi ta kai da kawowa, Kawu yana jan carbi bai ɗago ba.

Da aka buɗe ƙofa, shugaban kwamitin da shugaban hukumar suka fito kafaɗa da kafaɗa. Na tsaya a bayan 'yan jarida na ji da kunnena. Shugaban kwamitin ya ce kwamiti ya gamsu da bayanan hukumar, ya yaba da ƙoƙarinta, ya kuma lura cewa babbar matsalarta ƙarancin kuɗi ce, don haka zai ba da shawarar a ƙara mata. Wani ɗan jarida ya tambayi maganar kaburbura, ya ce an warware ta a cikin gida.

Ɗan majalisarmu ya hango ni, ya jawo ni gefe ya riƙe min hannu kamar masoyi. Ya ce, "Malam, ka so ka kunyata ni yau. Ba haka ake yi ba. Mutumin nan muna buƙatarsa, akwai abubuwa da yawa da zai yi wa yankinmu. Ya yi min alkawari za a saka ku a na baɗi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan zai jira baɗin?"

Ya ce, "Ka cika zafi. Komai a hankali ake binsa."

Na zare hannuna na ce, "Naka iyayen a wace maƙabarta suke?"

Fuskarsa ta canza. Wani daga cikin masu take masa baya ya shiga tsakaninmu, suka wuce. Tun daga ranar bai sake ɗaukar wayata ba, ni ma ban sake kira ba.

Dogon nan shi ya fito a ƙarshe. Bai kalle ni ba, gaban Kawu ya je ya rusuna. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Na faɗi abin da na gani. Da aka ce a ɗaga hannu, ni kaɗai ne."

Kawu ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kai dai ka taka ka gani."

A mota muna dawowa abin da ke cina ke nan. Da a ce ba wanda ya gani, da na ce rashin sani ne. An gani, an faɗa a gaban kowa, da hotuna, a ɗakin da aka gina musamman don a faɗi irin wannan, sai aka rufe ƙofa aka ci abinci.

Muka koma ga abin da hannunmu zai iya. Dagaci ya kira gayya. Kowane gida ya kawo tsofaffin buhunan taki, muka cika su da yashi muka jera a gindin gaɓar. Muka dasa gamba da bini-da-zugu a sama. Liman ya ce idan larura ta kai, shari'a ta yarda a ɗauke mamata a mayar da su wani wuri. Amma ina wurin? Kowa ya kalli ƙasa. Ban da haka ma, ba wanda zuciyarsa ta ba shi ya sa fartanya a kabarin uwarsa alhali buhunan suna nan tsaye. Muka ce wataƙila su riƙe.

Sun riƙe ruwan farko da na biyu. A tsakiyar damina, ran wata Alhamis bayan la'asar, aka tsuge da ruwan da har magariba bai tsagaita ba. Daga cikin gida muna jin rurin kwazazzabon kamar tifa tana juye duwatsu. Da gari ya waye, bayan an sallame asuba, liman ya ce maza su biyo shi, kada a bar mata da yara su fito ta gabas.

Babu buhu ko ɗaya. Layin ƙarshe na maƙabartar ya tafi gaba ɗaya, da rabin na bayansa. Na tsaya a sabon bakin gaɓar ina neman wurin da na saba tsugunawa in yi wa Inna addu'a. Na gane shi da wata 'yar aduwa da ke kusa, wadda yanzu take rataye da saiwoyinta a waje. Inda Inna take babu ƙasa, fili ne kawai, da jan ruwa yana wucewa a can ƙasa.

Ba zan bayyana abin da muka yini muna yi ba sai kaɗan. Mun bi kwazazzabon har inda ya baje a gonakin mutane, muna dubawa a gindin dawa da cikin yashi. Telan garinmu ya kawo duk farin yadin da ke shagonsa. Abin da aka samu aka naɗe. Ba wanda ya san na wane ne. Na ɗauki abin da na ɗauka da hannuna, ban sani ba ko na uwata ne ko na maƙwabciyarta. Manyan mutane masu furfura suna tafe suna kuka ba sauti.

Da rana ta take aka tsaya ana shawarar inda za a rufe su. Kawu yana da 'yar gona a kan tudu, yamma da gari, ita kaɗai ya mallaka, geronta ya fitar da kai yana jiran 'yan makonni. Ya ce a je can.

Dagaci ya dubi Kawu ya ce, "Malam, me za ka ci?"

Ya ce, "A sare geron."

Muka sare shi ɗanye. Aka haƙa rami ɗaya dogo, aka jera su, aka rufe. Liman ya yi addu'a. Gonar ita ce maƙabartar garinmu yanzu. Kawu kuma yana noma wani yanki da na yanka masa a tawa, wadda da ma ba ta ishe ni ba.

Labarin ya bazu, har wani ɗan jarida ya zo. Bayan kwanaki sai ga farar motar hukumar. Wani injiniya ya fito da farar hular kwano da tef na awo, matashi mai fara'a, ya gaishe da kowa hannu bibbiyu. Ina dawowa daga gona ke nan, da fartanya a kafaɗa, na tarar da shi a bakin gaɓar tare da dagaci da Kawu da wasu dattawa. Ya leƙa ƙasa ya yi fito.

Ya ce, "Kai, ai yanzu aikin ya zama babba. Wancan ƙiyasin ba zai yi ba, dole a sake sabo. Wannan zai shiga kasafin baɗi da kyau, kwamiti ba zai yi musu ba, tunda ga hujja."

Yana faɗa yana murmushi, kamar mai yi mana albishir. Ban san lokacin da fartanyar ta sauko daga kafaɗata ba. Abin da na sani shi ne hannun Kawu a kan ƙotar, ya riƙe ta da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Ya zare ta daga hannuna a hankali ya ce, "Kai malamin makaranta ne. Koma baya."

Injiniyan bai ma lura ba. Ya fito da waya ya ce dattawa su jeru a bakin ramin a ɗauki hoto, don a haɗa da takardar neman kuɗin, a ga zurfin wurin a kuma ga jama'ar da abin ya shafa. Dagaci ya dube shi, ya gyara rawaninsa, ya juya ya kama hanyar gari. Liman ya bi shi. Dattawan suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni da Kawu muka tafi a ƙarshe. Da na waiwaya, na ga injiniyan ya tsayar da direbansa a bakin gaɓar yana ɗaukarsa, yana ce masa ya ɗan matsa baya kuma ya daina dariya.